Mabuɗin Ƙofar Jami'a: Asalin Sharuɗɗan Neman Digirin Farko a Nijeriya

Matashin da ke neman gurbin karatun digirin farko a Nijeriya a yau ya san matakan da ke gabansa tun kafin ya gama sakandare. Zai mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa, ya sayi fom ɗin JAMB, ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi a darussa huɗu, Turanci na cikinsu dole. Zai kawo sakamakon sakandare mai kiredit biyar da ya samu a zaman jarrabawa ɗaya ko biyu. Jami'ar da ya zaɓa za ta sake tantance shi, sannan ya zuba ido ko sunansa zai fito. A tsakiyar wannan hidima akwai tambayar da ake amsawa ba tare da an tsaya tunani ba, alhali takan yi nauyi kamar makin jarrabawa: wace ce jiharka ta asali?

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa yana da ranar haihuwa, kuma kusan dukkansu gardama ce ta haife su. Gardamar ɗaya ce tun 1948, tufafi kawai take sauyawa: idan masu nema sun fi kujeru yawa, wa zai zaɓa, jami'a ko gwamnati, kuma da wane ma'auni?

Lokacin da Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a watan Janairun 1948 da ɗalibai 104, waɗanda aka kwaso daga Babbar Kwalejin Yaba, amsar ba ta da wuya. Digirin da ake bayarwa na Jami'ar Landan ne, saboda haka ma'aunin Landan ake bi. Kwalejin ce ke shirya jarrabawar shigarta, ita ke dubawa, ita ke zaɓe. Chinua Achebe na cikin waɗanda suka shiga a wannan shekara, da tallafin karatun likita, wanda ya rasa da ya koma fannin adabi da tarihi. Ƙofar ƙarama ce ƙwarai, kuma an ƙanƙantar da ita ne da gangan: Turawan da suka kafa kwalejin sun fi damuwa da kada a ce digirin Ibadan bai kai na Ingila ba, fiye da damuwa da yawan waɗanda za su same shi.

A ƙa'ida ƙofar a buɗe take ga kowane ɗan Nijeriya. A zahiri kuwa, sai wanda ya fito daga sakandaren da ke kai ɗalibi ga jarrabawar Kambirij yake iya ƙwanƙwasa ta, kuma irin waɗannan makarantu a Kudu suka taru, inda 'yan mishan suka yi shekaru ɗari suna buɗe makarantu. A Arewa gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, ita kuma ba ta gina makarantun da za su cike gurbin ba. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, an kafa ta ne don horar da malamai. Ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da sauran waɗanda suka riƙe Arewa da Nijeriya, amma ba a tsara ta don ta zama tsanin hawa jami'a ba. Wannan ne ya sa Firayim Ministan farko na ƙasar da Firimiyan Arewa duk ba su da digiri, ba don ƙarancin basira ba.

Da 'yancin kai ya ƙarato, kwamitin da Eric Ashby ya jagoranta ya miƙa rahotonsa a 1960 yana neman a ƙara jami'o'i. Nsukka ta buɗe a wannan shekarar, Legas da Ife da Zariya suka biyo baya a 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki ranar 4 ga Oktoba, 1962 da ɗalibai 426, kuma 147 ne kawai daga cikinsu 'yan Arewa. Jami'ar da aka gina don Arewa ta tarar Arewa ba ta da isassun masu cika sharaɗin shigarta.

Sharaɗin a lokacin ya fi na yau tsauri. Hanyar da aka fi ɗauka da daraja ita ce ɗalibi ya gama aji biyar na sakandare, ya ƙara shekara biyu a aji shida, ya ci jarrabawar babbar shaidar sakandare da ake kira HSC, sannan ya shiga jami'a kai tsaye ya yi digiri cikin shekara uku. Makarantun da ke da aji shida a Arewa ba su da yawa, malaman kimiyya kuma sun fi su ƙaranci. Zariya na da zaɓi biyu: ta sassauta ma'auni, ko ta gina tsanin da kanta. A zamanin shugabancin Ishaya Audu, wanda ya riƙe jami'ar daga 1966 zuwa 1975, ta zaɓi na biyu, ta buɗe makarantar share fage a cikin harabarta, inda ake ɗaukar masu shaidar aji biyar a koyar da su abin da aji shida ya kamata ya ba su. Jihohi suka kwaikwaya da kwalejojin share fage nasu. Ta Arewa maso Gabas da ke Maiduguri ita ce daga baya ta zama tushen Jami'ar Maiduguri. Daga wannan yunƙuri ne jarrabawar IJMB ta fito, wadda har yau Zariya ke kula da ita, kuma har yau take kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Da yawa daga cikin ƙwararrun Arewa da suka yi digiri a shekarun 1970 da 1980 ta wannan hanya suka bi. Idan ana lissafin matakan da suka rage tazarar ilimi tsakanin Arewa da Kudu, share fage ya cancanci a sa shi gaba da kason jihohi, domin shi ya ƙara yawan waɗanda suka cancanta, kaso kuwa raba waɗanda ake da su kawai yake yi.

Duk wannan lokaci kowace jami'a ita ke sayar da fom ɗinta, ta yi jarrabawarta. Ɗalibi mai ƙoƙari, kuma mai kuɗin mota, yakan nemi jami'a uku ko huɗu, ya yi ta yawo tsakanin garuruwa yana rubuta jarrabawa. Idan ya ci duka, duk su ba shi gurbi. Ya zaɓi ɗaya, sauran kujerun su zauna babu kowa har zangon karatu ya yi nisa, alhali wasu na gida suna jira. Shugabannin jami'o'i da kansu ne suka fara kuka da wannan a 1974, har suka gayyato ƙwararru biyu, ɗaya daga Birtaniya ɗaya daga Kanada, don su ba da shawara. Sai kuɗin fetur ya ƙara dagula lamarin: a 1975 gwamnatin soja ta sanar da sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a bakwai, a Jos, Maiduguri, Sakkwato, Kalaba, Kano, Ilori da Fatakwal, kuma zuwa 1977 jami'o'in ƙasar sun zama 13, duka a hannun gwamnatin tarayya.

Abin da shugabannin jami'o'i suka nema ofis ne na tattara takardun masu nema, irin na Birtaniya, wanda ba ya shirya jarrabawa, ba ya kuma zaɓar wa kowa ɗalibi. Abin da suka samu ya wuce haka nesa. Gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa nata kwamitin a ƙarƙashin Michael Angulu, kuma dokar soja mai lamba 2 ta 1978 ta haifi JAMB da ikon shirya jarrabawa ɗaya ga ƙasa baki ɗaya da kuma sanya ɗalibai a jami'o'i. Angulu ne ya zama magatakardanta na farko. Jami'o'i sun je neman mai taya su ɗaukar kaya, suka dawo da mai gida.

A Arewa ba a karɓi sabuwar hukumar da murna ba. Lissafin mai sauƙi ne: idan jarrabawa ɗaya za a yi, kuma maki kaɗai za a duba, to jihohin da suka fi yawan sakandare za su cika jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma ikon da waɗannan jami'o'i ke da shi na ɗaukar 'yan share fagensu zai raunana. A farkon 1979 ɗalibai a manyan makarantun Arewa suka yi zanga-zangar ƙin jinin JAMB, har aka rufe makarantu na wani lokaci. A Kudu kuma kukan da ake yi kishiyar wannan ne: duk wani rangwame ga wata jiha zalunci ne ga yaron da ya fi maki aka bar shi a gida. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma ba a taɓa samun hujjar da ta kashe bakin ɗayan ba.

Sulhun da aka yi na rabon kaso ne, a daidai lokacin da tsarin mulkin 1979 ya shigar da ƙa'idar daidaiton wakilci a ayyukan tarayya. A farkon shekarun 1980 aka umurci jami'o'in tarayya su raba gurabensu: kashi 40 cikin ɗari bisa cancanta zalla, 30 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, 10 kuma a bar wa jami'a ta yi yadda ta ga dama. Kashi goman nan na ƙarshe ya zama ƙofar alfarma, ta 'ya'yan manya da masu wasiƙa daga sama, daga baya aka soke shi, rabon ya koma 45 da 35 da 20. Abin da masu muhawara kan manta shi ne jerin jihohin da aka bari a baya bai tsaya a Arewa ba. Akwai Ebonyi da Bayelsa da Ribas da Kuros Riba a ciki. Daga nan ne tambayar jihar asali ta samu nauyin da take da shi a fom, kuma daga nan ne takardar shaidar ƙaramar hukuma ta zama abin nema, har da na jabu.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma tsarin 6-3-3-4 ya kawar da aji shida. Sakandare ta zama shekara shida, digiri ya zama shekara huɗu, kiredit biyar da makin JAMB suka zama babbar hanya. A 1989 aka faɗaɗa ikon hukumar ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi.

Jarrabawa ɗaya da ke yanke makomar dubban ɗaruruwan matasa ba ta daɗe ba ta zama kasuwa. Shekarun 1990 da farkon 2000 sun cika da labarin satar amsa, da sojan gona, da cibiyoyin da ake biya don a ci. Malaman jami'a suka riƙa kokawa cewa ana turo musu masu maki 280 da ba sa iya rubuta sakin layi ɗaya. A 2005, zamanin ministar ilimi Chinwe Obaji, aka ba jami'o'i izinin yin tasu jarrabawar bayan ta JAMB. Wato bayan shekara 27 an maido musu rabin mabuɗin da aka karɓe a 1978, kuma an maido wa ɗalibi wahalar da aka kafa JAMB don a ɗauke masa: kuɗin fom na biyu da tafiya mai nisa a kan hanyoyi marasa aminci. Minista Adamu Adamu ya soke wannan jarrabawa a 2016, aka dawo da ita a 2017. Shekara ɗaya tak jami'o'i suka iya haƙura.

Ita ma hukumar ba ta zauna ba. A 2010 ta haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama ɗaya, wadda ake kira UTME. Ta fara gwada kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta ajiye fensir da takarda gaba ɗaya, matakin da ya rage satar amsa amma ya ɗora sabon sharaɗin da ba a rubuta ba a kan ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. An daina sayar da katin gogewa, kuma binciken kuɗin katin ne ya fito da labarin nan na 2018 da ya zaga duniya, na macijin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar na Makurɗi. A 2017, ƙarƙashin Is-haq Oloyede, aka kawo manhajar CAPS: jami'a ce ke gabatar da sunayen da ta zaɓa, amma gurbi ba ya tabbata sai hukumar ta amince, ɗalibi kuma ya danna ya karɓa. Wannan ya toshe matsalar 1974 ta mutum ɗaya mai gurbi uku, ya kuma sa duk gurbin da aka bayar ta bayan fage ya zama haramtacce, wanda kan hana mai shi zuwa bautar ƙasa idan ya gama. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta zama dole a 2021 don maganin sojan gona.

Mafi ƙarancin makin da ake sanarwa kowace shekara yana ruɗar iyaye da yawa. Lokacin da aka sauke shi zuwa 120 cikin 400 a 2017 an yi ta surutu cewa ilimi ya mutu, alhali wannan adadi ƙasa ne kawai da ba a yarda jami'a ta sauka ƙarƙashinsa ba. Mai neman likitanci ko lauya a Zariya ko Kano ko Ibadan yana fafatawa ne da makin da ya ninka wannan, yayin da wasu jami'o'in kuɗi, waɗanda aka fara ba lasisi a 1999, ke neman ɗalibai ido rufe. Ƙarancin gurbi a wasu fannoni da wasu jami'o'i yake, inda karatu ke da araha kuma takardar ke da daraja.

Sharaɗin shekaru ma bai tsira daga ja-in-ja ba: a 2024 minista Tahir Mamman ya ce sai mai 18, wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da shi 16. A 2025 kuwa mutum sama da miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 suka kasa kai maki 200. Bayan kwanaki ana ƙorafi, hukumar ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamako a cibiyoyin Legas da jihohin Kudu maso Gabas, magatakardanta ya nemi afuwa cikin hawaye a gaban 'yan jarida, aka kuma sake kiran ɗalibai kusan 380,000 su rubuta jarrabawar daga farko.