Hambaka: abin da mai jita zai duba kafin ya sauya maɗaukin sauti

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai wata 'yar na'ura da masu sana'ar ke kira fikof, wato maɗaukin sauti. Maganadisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ƙaramar wuta ta taso a cikin naɗin, amfilifaya ta ƙarfafa ta, lasifika ta mayar da ita amo. Maɗaukin da ke da naɗi ɗaya yana ba da murya siririya mai kaifi, irin wadda ake ji a Fender Stratocaster ta makaɗin Nijar Mdou Moctar. Aibinsa shi ne yana kwaso ƙugin wutar gida, wadda a Najeriya da Nijar ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuwa sau 60.

Domin kashe wannan ƙugin ne Seth Lover, injiniyan kamfanin Gibson, ya haɗa naɗi biyu gefe da gefe, maganadisunsu na fuskantar saɓanin juna, wutarsu ma na zagaya saɓanin juna. Ƙugin da naɗi ɗaya ya kwaso sai ɗayan ya soke shi, amon tsirkiya kuwa ya taru ya yi kauri. An nemi rajistar ƙirar a 1955, aka fara ɗora ta a jitar Les Paul a 1957, aka kuma amince da rajistar a 1959. Wannan shi ne hambaka, sunan da ke nufin mai ture ƙugi. Kasuwar sayen sabo a cire na kamfani ta buɗe ne a 1972 da Super Distortion na DiMarzio, sannan kamfanin Seymour Duncan ya biyo baya a 1976.

Makaɗin da ke da jita ɗaya tal, wanda zai yi kiɗan biki ranar Asabar, ya yi na coci ranar Lahadi, ya shiga situdiyo ranar Litinin, buƙatarsa ita ce murya iri-iri daga abu guda. A nan ne mutane da dama ke yin kuskuren ɗaukar mafi ƙarfi a matsayin mafi kyau. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfi da tsakiyar sauti, amma yana danne kaifin sama. Hambakan Gibson na farko suna auna tsakanin om dubu 7 zuwa dubu 9 a mitar masu gyaran rediyo. Super Distortion ya haura dubu 13, JB na Seymour Duncan kuma yana kusa da dubu 16. Masu ƙarfin an yi su ne don su tura amfilifaya ta yi gurnani irin na kiɗan rok. Amfilifaya da akwatin sauya sauti suna iya ƙara wa tsaftatacciyar murya gurnani a kowane lokaci, amma ba sa iya dawo da kaifin da naɗi ya riga ya haɗiye. Saboda haka matsakaicin ƙarfi ya fi ba da filin juyawa. Adadin om ɗin ma ba hukunci ba ne, domin siririyar waya tana ɗaga shi ba tare da ta ƙara ƙarfi daidai da hakan ba.

Maganadisu ma yana da nasa tasirin. Alniko 2 ya fi taushi, alniko 5 ya fi tsauri da haske, na siramik kuma ya fi kaifi da ƙarfi. Akwai kuma masu aiki da batir mai bolt 9, kamar EMG 81 da 85, waɗanda shirunsu ya yi fice, sai dai a kan canza musu makunnan jitar gaba ɗaya, kuma dole a samar wa batirin mazauni.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci ga mai son sauye-sauye shi ne yawan wayoyin da suka fito daga hambakan. Tsohuwar ƙira tana da waya ɗaya da rigarta ta ƙarfe, ba ta da wata dabara. Mai wayoyi huɗu kuwa yana ba da damar kama kowane naɗi daban. Da makunni irin wanda ake jan kansa sama, ana iya kashe naɗi ɗaya a bar ɗaya, sai murya ta siranta ta doshi ta Stratocaster, amma ƙugi ya dawo. Ana kuma iya jera naɗin biyu kafaɗa da kafaɗa maimakon ɗaya bayan ɗaya, murya ta yi haske, ƙugi bai dawo ba. A wurin da janareta da fitilu ke cika layi da hayaniya, wannan ta biyun ta fi amfani.

Sai dai akwai wani ciniki a nan. Idan aka raba hambaka mai om dubu 8, abin da zai rage dubu 4 ne, murya ta fito a raunane, alhali naɗi ɗaya na Stratocaster yana kusa da dubu 6. Mai dubu 16 kuwa yana barin dubu 8, wanda ke da jiki. Shi ya sa ake yawan haɗa mai ƙarfi a kusa da jaki, inda tsirkiya ba ta girgiza sosai, da mai sauƙi a kusa da wuya. Haɗin JB da Jazz na Seymour Duncan ya shahara ne a kan wannan lissafi.

Kafin a biya kuɗi, waɗanda da dala ake lissafa su, a auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta farko da ta shida a saman maɗaukin jaki. A jitocin Gibson kusan milimita 49 zuwa 50 ce, a na Fender da masu jakin Floyd Rose kuwa 52 zuwa 53, kuma kamfanoni suna sayar da kowane girma daban. Launin wayoyi ma bai zo ɗaya ba tsakanin kamfanoni. Mai gyaran da ya bi zanen DiMarzio ya liƙa Seymour Duncan da dalma zai samu murya busasshiya marar ƙasa. Jabu kuma sun yi yawa a kasuwannin intanet, da tambari da kwali, amma mita takan tona su idan adadin ya yi nesa da wanda kamfanin ya wallafa.

Sau da yawa laifin ba na hambakan ba ne. Makunnin ƙara sauti mai om dubu 250 yana dushe muryarsa, mai dubu 500 ne ya dace da shi, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Tsayinsa ma yana canza murya ƙwarai. A danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan jita, a bar kamar milimita 2 tsakaninta da kan maɗaukin, sannan a riƙa juya sukurorin gefe rabi-rabi ana saurare. Idan ya matso sama ƙarfi zai ƙaru, idan ya sauka muryar za ta buɗe.