Yadda Likitoci Suka Koyi Ɗaure Cikin Saniya

Cikin saniya ɗaki huɗu ne, na huɗun kuma, wanda likitocin dabbobi ke kira abomasum, shi ne mai narka abinci da ruwan tsami. Mazauninsa ƙasan ciki ne, ɗan dama kaɗan. Amma a makonnin farko bayan haihuwa, idan saniya ta rage ci, tumbinta ya saki, ga kuma gurbin da ɗan maraƙi ya bari, sai iska ta cika ɗakin nan, ya sulale ta ƙarƙashin tumbi ya haye gefen hagu. Nono ya ja baya, saniya ta yi ta ramewa.

Likita na gane matsalar da kunne. Zai ɗora abin sauraro a kan haƙarƙari, ya ɗalli fatar da yatsa, sai ya ji ƙara kamar an ƙwanƙwasa garwar da ba komai a ciki.

Kafin 1950 da wuya a ji labarin wannan ciwo. A shekarar ne wani likita mai suna Begg ya bayyana shi a Birtaniya, daga nan rahotanni suka yi ta fitowa a Turai da Amurka. Ba abin mamaki ba ne, domin lokacin ne aka dage wajen ɗura wa shanun Holstein hatsi ana rage musu ciyawa don nono ya ƙaru. Saniyar da ke yini a makiyaya, irin Bunajin Fulani, ba kasafai take gamuwa da shi ba.

Maganin farko mirginawa ce: a kayar da saniya da igiya, a juya ta rigingine, cikin ya koma gurbinsa. Sau da yawa kuma bayan 'yan kwanaki sai ya sake hayewa. Dole aka koma ga wuƙa.

A shekarun 1960 Gerrit Dirksen na makarantar likitocin dabbobi ta Hanoba a Jamus ya kafa hanyar da har yau ake koyarwa. Saniya na tsaye, an kashe mata jijiyoyin kwiɓin dama da allura. Likita ya tsaga, ya zura hannu har kafaɗa, ya zagaya bayan tumbi, ya soka allura mai roba ya sace iskar, sannan ya jawo cikin gida ya ɗinke kitsen da ke riƙe da shi a bangon jiki. A Utrecht ta Holan kuwa ta hagu suke shiga.

A 1982 wasu likitoci biyu, Grymer da Sterner, suka zo da hanya mai arha: a mirgina saniya, a soka ƙarfe ta fatar ciki, a zura ɗan ƙaramin sanda mai zare ya riƙe cikin, ba tsagawa. Sauri kam akwai, sai dai likita bai ganin abin da yake soka. Wani likita mai suna Janowitz ya cike wannan giɓi a 1998 da siririyar kyamara.

Zancen zafin da dabbar ke ji ya makara. Wani rahoto na 1965 da ake kira rahoton Brambell ya haifi, daga baya, abin da ake kira 'yanci biyar na dabbobin gona, wanda ya sa kare dabba daga ciwo cikin haƙƙoƙinta, amma an daɗe ana ɗinke saniya a sake ta haka nan da zarar allurar ta saki. Yanzu ana ƙara mata maganin zafi irin meloxicam. A gonaki da dama kuwa, kafin a kira likita, manomi kan auna kuɗin aikin da shekarun saniyar da farashinta a mahauta.