Intaferometiri: yadda ake sauraren sararin samaniya

Taurari da iskar da ke tsakaninsu suna fitar da igiyoyin rediyo waɗanda ido ba ya gani. Ana kama su da manyan faranta masu kama da parabol ɗin talabijin. Faranti ɗaya ba ya ba da hoto mai kaifi, shi ya sa ake haɗa da yawa masu nisa da juna. Kwamfuta na gwama abin da kowanne ya kama, sai su yi aiki tamkar faranti guda mai faɗin tazarar da ke tsakaninsu. Wannan dabarar ita ce intaferometiri.

Hoton yakan zo da giɓi, don haka masana ke kwaikwayon abin a kwamfuta, su gwada da wanda aka kama. Da haka aka fassara hoton farko na baƙin ramin samaniya a 2019.

A Afirka ta Kudu, MeerKAT na da faranta 64 a busasshen yankin Karoo, inda doka ta taƙaita siginar salula domin tana dusashe ta samaniya. A Kuntunse, kusa da Akara, Gana ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 na'urar bincike a 2017.