Tsohuwar kwamfuta da sabuwar Windows: wa ke da ikon cewa "za ta ɗauka"?

Yau hirar tamu ta tarihi ce, amma tarihin da ya shafi aljihunka. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen laftof tokumbo ya san tambayar nan: "Malam, za ta ɗauki sabuwar Windows?" Mai shago kuma amsarsa ɗaya ce, "Sosai ma!" To ni so nake mu bi asalin wannan tambaya.

A da can, maganar ƙarfi ce zalla. Windows 95 tana tashi da ram na megabayit 4 kacal. Windows XP da ta fito a 2001 ta nemi 64, an fi so a samu 128. Lissafin ba wuya: ka duba abin da aka rubuta a jikin kwali, ka duba na'urarka, shi ke nan.

Rikicin ya fara ne da Windows Vista. Microsoft ta yi jinkirin fitar da ita, har ta tabbata ba za ta riski kasuwar Kirsimetin 2006 ba. Masu ƙera kwamfuta suka shiga fargaba, don mutane za su riƙe kuɗinsu su jira. Sai aka ɓullo da dabara: a ci gaba da sayar da kwamfutoci masu XP, a manna musu sitika mai cewa "Vista Capable", wato za ta iya ɗaukar Vista in ta fito. Ram na megabayit 512 ya isa a ba ka wannan sitika.

Vista ta fito ranar 30 ga Janairu, 2007. Nan ido ya raina fata. Da yawa daga cikin masu sitikar nan, ƙaramin samfurin Vista kawai suke iya ɗauka, wato Home Basic, wanda babu Aero a cikinsa, adon nan mai sheƙi kamar gilashi da aka yi ta tallatawa. Ga kuma nauyi, ka danna abu ka zauna jira. A shekarar aka maka Microsoft a kotu a birnin Siyatil na Amurka. Shari'ar ta tono wasiƙun cikin gida, aka ga kamfanin ya sassauta sharaɗin sitikar don wani kayan Intel mai lamba 915 ya samu shiga. Har wani babban jami'in kamfanin, Mike Nash, ya rubuta yana kukan cewa laftof ɗin da ya saya dala 2,100 ta koma ta aika saƙon imel kawai. Ka ji fa, ɗan gida ke nan.

Daga nan aka yi taka-tsantsan. Windows 7 ta 2009 da Windows 10 ta 2015 kusan buƙatarsu ɗaya, ram giga 1 ko 2. Wannan ya yi mana rana. Laftof ɗin da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da ita, sai ta sauka Computer Village a Ikeja ko titin Beirut a Kano, ɗalibi ya saya ya yi furojet ɗinsa lafiya lau.

Sai 2021, Windows 11 ta juya lissafin. Ram giga 4 da ma'adana giga 64 ba su ne matsalar ba. Matsalar sharuɗɗa biyu ce. Na farko TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke ajiye makullan sirrin na'ura. Na biyu shekarun furosesa: in Intel ce, daga zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, in ban da 'yan kaɗan, in AMD ce, galibi daga Ryzen 2000. Manhajar gwaji da suka fitar, PC Health Check, da farko sai dai ta ce maka a'a ba gamsasshen bayani. Mutane suka yi ca, aka janye ta, aka gyara, aka dawo da ita.

Kun ga bambancin? A zamanin Vista an ce wa raunanniyar kwamfuta "za ki iya". A zamanin Windows 11 an ce wa ƙaƙƙarfa "ba ki da izini". Core i7 ta zubi na 6 mai ram giga 16 ba ta cikin jerin, amma ƙaramar i3 ta zubi na 8 ta shiga. Hujjar kamfanin tsaro ne, kuma ba hujjar banza ba ce. Mu tuna WannaCry a Mayun 2017, cutar da ta bi kwamfutocin da ba a sabunta ba har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi shi ne, ranar 14 ga Oktoba, 2025 aka daina tallafin Windows 10 na yau da kullum. Kamfanonin waje suna sauke tsofaffin na'urorinsu, kuma kun san inda kaso mai yawa ke nufa.

Don haka kafin ka miƙa kuɗi, yi abu uku. Danna maɓallin Windows da R, rubuta msinfo32, ka karanta sunan furosesa. In ka ga i5-7200U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubi, wato na 7. I5-8250U kuma na 8 ne. Sannan ka rubuta tpm.msc ka ga ko 2.0 ne. In bai nuna ba kar ka karaya, wani lokaci a kashe yake a BIOS, mai gyara zai kunna maka. Na uku, ganin Windows 11 a fuskar laftof ba shaida ba ne. Ana iya ɗora ta ta bayan gida, kuma Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin sabunta irin wannan ba.

In taka ta faɗi jarrabawar, ba ta mutu ba. Linux Mint kyauta ce, tana tafiya sumul a tsofaffin na'urori, ta isa rubutu da bincike a intanet. In saye za ka yi, to faɗuwar tata hujjar neman ragi ce.

Ku rubuto mana lambar furosesar da kuke amfani da ita, mu duba tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.