Yadda Hausa da ganga suka shiga majami'a

Ƴan uwa, Kirista ba hanya guda suke bi wajen sujada ba. Wasu tsit suke yi, wasu kiɗa da taɓi. Abin yana da tarihi.

A 1924 ƴan mishan suka sauka Damagaram, suna wa'azi da Hausa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa.

Ƴan Katolika kuwa sun zauna Yamai a 1931. Limaminsu da Latinanci yake addu'a, jama'a ba su ji. Babban taron Vatikan, daga 1962 zuwa 1965, ya yarda kowa ya yi sujada da harshensa. Sai Hausa da Zabarmanci suka shiga, ganga ta biyo baya. Addu'ar da mutum ya ji ma'anarta, ita ke kama zuciya.