Kuru Da Mahayinsa: Yadda Turawa Suka Koyi Auna Doki Da Yaro

A wannan makon za mu leƙa Birtaniya ne, mu bi tarihin ƙaramin dokin nan da muke kira kuru, da yadda aka kai ga ƙa'idar cewa sai an duba tsawon yaro da nauyinsa kafin a zaɓa masa dokin hawa. Tun farko mu raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Duƙushi ɗan doki ne da bai gama girma ba. Kuru kuwa ya gama girmansa, haka jinsinsa yake, ko shekara ashirin ya yi ba zai zama ingarma ba.

Mutanen Ingila da faɗin tafin hannu suke auna doki, kowane hannu inci 4, daga ƙasa zuwa tudun kafaɗa, wurin da wuya ya haɗu da baya. Ba a auna kai, don doki yana ɗaga shi yana sunkuyar da shi. Duk wanda bai wuce hannu 14 da inci 2 ba, wato inci 58, shi ne kuru a wurinsu.

Abin mamaki, farkon lokacin da hukuma ta sa ido a kan awon nan, ƙoƙarin kawar da ƙananan dawakin take yi. Sarki Henry na Takwas manyan dawakin yaƙi yake so, masu ɗaukar barde da sulkensa. A dokar da aka yi a 1540 an hana sakin namijin doki da bai kai hannu 15 ba a makiyayar jama'a ta gundumomi da dama, don kada ya yi barbara ya ƙanƙantar da iri. Dokar ba ta iya bin kowane tsauni da kowane daji ba, shi ya sa kurayen Wales da na Dartmoor da na Exmoor suka tsira. Lissafin bai yi nisa da namu ba. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma duk wanda ya taɓa ganin dokin lifidi ya san ba kayan kuru ba ne. Ƙananan dawakin suka ci gaba da zama a hannun mutanen tsaunukan Jos da na bakin kogin Logone, tsakanin Chadi da Kamaru.

Sai kuma kwal ya shigo maganar. Kafin 1842 mata da ƙananan yara ne ke jan kwandunan kwal a ramukan Birtaniya, wasu da rarrafe, da sarƙa ɗaure a ƙugu. A wannan shekarar majalisa ta hana mata da 'yan mata shiga rami gaba ɗaya, ta kuma hana yara maza 'yan ƙasa da shekara 10. Masu ramuka suka shiga neman abin da zai maye gurbinsu: gajere don rufin ramin ƙasa-ƙasa ne, mai ƙarfi, mai haƙuri. Suka same shi a tsibiran Shetland da ke can arewacin Sikotilan, inda sanyi da ƙarancin ciyawa suka ƙera wani kuru mai kauri da gajerun ƙafafu. A 1870 Lord Londonderry, wanda ke da ramukan kwal a Durham, ya kafa wurin kiwonsu a tsibiran Bressay da Noss don samar wa ramukansa. Da aka kafa ƙungiyar rajistar wannan jinsi a 1890, iyakar tsawon da aka tsaya a kai inci 42 ne. Zuwa 1913 akwai kimanin dawaki 70,000 a ƙarƙashin ƙasa a Birtaniya, kuma a ramin Ellington sai a 1994 aka fito da na ƙarshe.

Ku dubi yadda abin ya juya. Dabbar da ta karɓi aikin ɗan talaka a rami ita ce ta zama abin hawan ɗan mai kuɗi a sarari. Sarauniya Elizabeth ta Biyu tana shekara 4 kakanta Sarki George na Biyar ya ba ta kurun Shetland mai suna Peggy. Shekara guda kafin haka, a 1929, aka kafa Pony Club a Ingila don koya wa yara hawa da kula da doki. Daga nan ne maganar daidaita yaro da dokinsa ta bar hannun masu barga ta shiga littafi da dokar gasa. A gasar tsallake shinge ta yara a Birtaniya an kasa kuraye gida uku: santimita 128 ga yara har zuwa shekara 12, santimita 138 har zuwa 14, santimita 148 har zuwa 16. Kuma da yake kuɗi ya shiga, ha'inci ma ya shiga. Kurun da ya haura iyaka da santimita ɗaya darajarsa faɗuwa take yi, don haka aka riƙa samun masu yanke kofato fiye da kima ko gajiyar da dabba kafin awo. Dole ta sa awon ya koma hannun likitocin dabbobi.

To mene ne ainihin abin da ake dubawa? Nauyi shi ne na farko. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce kada doki ya ɗauki fiye da kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, kuma ana danganta ta da littafin sojan doki na Amurka na 1920. A 2008 masu bincike a Ohio suka gwada ta da dawaki takwas, suka ɗora musu kashi 15, 20, 25 da 30. Daga kashi 25 zuwa sama bugun zuciya da numfashi suka ƙaru, ciwon tsoka ya bayyana. A 2019 aka wallafa wani gwajin da likitar dawaki Sue Dyson ta jagoranta a Ingila, dawaki shida da mahaya huɗu, kuma duk hawan da mahaya biyu mafiya nauyi suka yi sai da aka katse shi, saboda dawakin sun fara ɗingishi ko nuna alamar ciwo. Dawaki takwas da shida ba su da yawa, bai kamata a ɗauki kashi 20 kamar saukakkiyar magana ba. Kuru mai faɗin baya da kaurin ƙashi ya fi siriri jurewa. Amma lissafin yana da amfani. Kurun da ya kai kilo 200 kilo 40 ne rabonsa, kuma sirdi da kayansa suna ciki. In sirdin kilo 5 ne, yaron da ya wuce kilo 35 ya yi masa yawa.

Tsawo ya fi wuyar sa wa lamba. Mahayi da ƙafa yake magana da doki, don haka ana so dugadugan yaro su tsaya daidai da cikin dokin in ya sa ƙafa a likkafa. In ƙafar ta tsaya a kan fatar sirdi, dokin ba ya jin umarni, yaron sai ya koma rataya da linzami, ya ɓata wa dabbar baki. In kuma ƙafar ta zarce ciki tana lilo, yaron ya fi ƙarfin dokin, zai nemi sirdi mai tsawo, alhali bayan kuru gajere ne kuma ba a so sirdi ya wuce haƙarƙari na ƙarshe, inda baya ba shi da madogara.

Kuskuren da masu koyar da hawa suka fi kuka da shi mun san shi a gidajenmu ta wata fuskar: ɗinka wa yaro rigar Sallah da girma don ya girma da ita. Riga in ta yi yawa naɗe ta ake yi. Doki in ya yi yawa, hannun ɗan shekara bakwai ba zai tsayar da shi ba ran da ya firgita, kuma faɗuwa daga inci 60 ba ɗaya take da faɗuwa daga inci 40 ba. Shi ya sa a can kuru ɗaya kan bi gida uku ko huɗu a rayuwarsa, yana koyar da yaro ya wuce wurin na gaba, tunda kurun Shetland kan kai shekara 30.

A hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau muna ganin ɗan yaro da rawani a kan ingarma, ƙafafunsa ba su ko sauko daga kan sirdi ba, mu yi ta ɗaukar hoto. Nan gaba ku duba ƙasa kaɗan da hoton. Za ku ga zagi riƙe da ragama, wani kuma yana tafe a gefe hannunsa kusa da cinyar yaron. A ra'ayinmu waɗannan biyun ne ke hawan, yaron zaune kawai yake, kuma in aka harba bindiga dokin ya zabura, rayuwarsa tana hannunsu.