Ƙofar 'Yandaka da Ganuwar Katsina

Mutumin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa da ya nufi birnin Katsina ta hanyar Dutsinma yakan shiga ne ta Ƙofar Ƙwaya, shi ya sa da yawa ba su taɓa tsayawa a Ƙofar 'Yandaka ba, wadda ke kan hanyar Batsari. Alhali kuwa a cikin ƙofofin birnin, da wuya a samu wadda ta ga abin da ta gani.

Masana tarihi na danganta ginin babbar ganuwar Katsina da Sarki Ali Murabus, a ƙarni na 16, lokacin da fataken Agadas da na ƙetaren Sahara suka mayar da birnin zangonsu. Aikin gayya ne: a haƙa ƙasa, a kwaɓa, a yi tubali, ramin da aka bari kuma ya zama gwalalo. Sa'ad da Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da rijiyoyi, don ko an yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci mutane.

A da, kowace ƙofa da sarkin ƙofarta. Da almuru a tura ƙyaure a sa sakata. Baƙon da ya makara sai ya kwana a waje da jakunansa har gari ya waye. Sunayen ƙofofin kuma ba a banza aka raɗa su ba. Ƙaura, Durɓi, Marusa da 'Yandaka duk sarautu ne na manyan ƙasa. Bayan jihadi, sarautar 'Yandaka ta koma hannun zuriyar Malam Na Alhaji, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu a ƙasar Katsina, kuma har yau 'Yandaka, hakimin Dutsinma, yana cikin masu zaɓen sarki.

Ta Ƙofar 'Yandaka ce Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shiga birnin a 1903, bayan faɗuwar Kano da Sakkwato. Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da an zare takobi ba. Bai daɗe ba Turawa suka tuɓe shi, suka naɗa Yero, shi ma suka sauke shi a 1906, mulki ya koma ga Durɓi Muhammadu Dikko, wanda gidansa ke sarauta har yanzu.

Abin da ke damuna shi ne ganuwar kanta. An gyara ƙofofi da siminti da fenti, amma katangar da ta ba su ma'ana damina ta cinye wani ɓangare, masu ɗibar ƙasa da masu yanka filaye sun cinye saura. Mutanen kudancin jihar, da suka sha kwana da fargabar 'yan bindiga, sun fi kowa sanin dalilin da ya sa kakanninmu suka yi wannan wahala. 'Ya'yansu ya kamata a fara kaiwa su ga ɗan abin da ya rage, a nuna musu kaurin ƙasar da hannu ya ɗora.